Bashin Ƙanena

Ni akawu ne, kuma abin da aikin akawu ya ke koya wa mutum shi ne kada ya manta da kome. Abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta. Wannan hali ya amfane ni a ofis, amma a gida ya kusa hallaka ni. Ga yadda abin ya faru.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena ya zo ya roƙe ni jari, wai zai shiga fataucin goro. Na kwashe ajiyata ta shekara uku na ba shi, na rubuta a wani ɗan littafi. Ya tafi Kurmi, shiru ka ke ji har shekara bakwai, ba wasiƙa, ba saƙo. Ran nan da almuru sai ga shi a ƙofar zaure, ya rame, ba ko takalmi. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, na dawo." Na ce, "Ina kuɗina?" Ya sunkuyar da kai. Na shige gida na bar shi nan.

Inna kuwa ko tambaya ba ta yi masa ba. Ta ɗora ruwan wanka, ta sa aka yanka mata zakara. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yawan magana da ni, sai ta aiko goggonmu. Goggo ta ce, "Malam, uwarku ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas." Na ce sai ya biya tukuna.

Wata Lahadi na tafi sujada a Wusasa, a tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa da aka gina a 1929. Aka karanta Linjila ta hannun Luka, sura 15, misalin da Yesu Almasihu ya bayar na ɗan da ya karɓi rabonsa na gado ya lalatar a wata ƙasa. Da yunwa ta koro shi gida, tun yana nesa uban ya sheƙa ya rungume shi, bai ko bari ya gama ba da haƙurin da ya shirya ba. Na sha jin wannan misali, kullum kuwa ina sa kaina a matsayin ɗan da aka yafe wa. A ran nan ne na lura da wansa, wanda ya dawo daga gona ya ji ana biki, ya yi fushi ya ƙi shiga, yana lissafta shekarun da ya yi yana bauta. Ashe ni ne! Abin da ya fi taɓa ni kuwa, shi ma uban sai da ya fito waje ya lallashe shi.

Nan na gane cewa ƙaunar Allah ba lada ba ce da a ke biyan ma'aikaci a ƙarshen wata. Ba don mun cancanta ya ke ƙaunarmu ba. Ruwan damina ba ya tsallake gonar mai laifi. Da Ubangiji zai buɗe mini littafi irin wanda na buɗe wa ƙanena, da wane kuɗi zan biya?

Duk da haka ban tafi wurinsa ba. Na ce sai bayan kaka, in zuciyata ta huce. Kaka ta wuce, na ce sai bayan Kirsimati. Ana nan sai wani abokin aikina, wanda mu ka yi sallama da shi lafiya lau ran Jumma'a, aka wayi gari Asabar babu shi. A hanyar makabarta na tuna da malaminmu na makarantar allo, Allah ya jiƙansa, wanda ya kan ce mana mutuwa ba ta aiko ɗan saƙo. Na kuma tuna da misalin 'yan mata goma a Matta, sura 25. Dukansu an gayyace su biki, dukansu suna da fitilu, dukansu barci ya kwashe su da ango ya yi jinkiri. Biyar ne kaɗai su ka yi guzurin mai. Sauran kuwa suna can neman na saye da tsakad dare aka rufe ƙofa.

Kada wani ya ce misalan nan biyu sun saɓa wa juna. Shiri ba kuɗin sayen ƙauna ba ne, gama an riga an ba mu ita kyauta. Shiri shi ne amsa gayyata tun da sauran lokaci, domin ƙaunar ta tabbata, amma kwanakin ba a hannunmu su ke ba. Akawun da ya ke gyara littafinsa kowace rana ba ya firgita in mai binciken kuɗi ya sauka ba zato.

A daren nan na kunna fitila na tafi ɗakin ƙanena. Na tarar yana fama da zazzaɓi. Na zauna a bakin tabarma, na fito da ɗan littafin, na yage takardar a gabansa. Ya ce, "Yaya, zan biya." Na ce, "Ƙanena, babu sauran bashi. Ni ma ka yafe mini." Mu ka yi kuka kamar yara.

Ba zan ɓoye maku ba, har yau wani lokaci adadin kuɗin nan ya kan faɗo mini a rai, sai in sake yafewa. Yage takarda aikin minti ɗaya ne, yage abin da ke zuciya kuwa sai da taimakon Allah.

To, ya kai mai karatu, da ka sha wahala har ka iya haɗa baƙi da wasali, in akwai wanda ka rubuta wa bashi a zuci, kada ka jira kaka. Ka tafi yau. In ya yi nisa, ga alƙalami a hannunka, ka rubuta masa wasiƙa. Allah ya sa a same mu a shirye, amin.