Wutar Batir da Zagayenta

A gefen Ƙofar Nassarawa akwai mai cajin salula wanda abincinsa ya dogara ga farantin sola da batir mai bolt 12. Wutar waɗannan hanya guda take bi, ba ta kai-komo irin ta gidan wuta. Takan fito daga kan batir, ta ratsa makunni da abin caji, ta koma ta ɗaya kan. In zagayen ya yanke, ciniki ya tsaya. In wayoyin biyu suka haɗu kai tsaye, tirjiya ta ragu, wuta ta yi yawa, kamar yadda dokar Georg Ohm ta 1827 ta nuna. Nan fiyus yake ƙonewa don jari ya tsira. Malamin da ya kai ɗalibansa wannan rumfa ya rage wa alli aiki.