Karen Wane Ne Wannan?

A dogon hutun shekarar 2024 Allah ya nufe ni da taka ƙasar Ingila, ba don albashin malamin makaranta ya kai ba, a'a, ƙanena da ke aikin jinya a Mancesta ne ya aiko mini da kuɗin jirgi. Na sauka da tsarabar kuka da daddawa ina tsammanin tarya ta murna, sai na iske gidan tsit kamar an yi rashi. Ummi, 'yarsa mai shekara 9, ta gaishe ni idanu jawur. Na ja ƙanen nawa gefe na ce, lafiya? Ya ce, "Yaya, Fura ce ta ɓata, yau kwana biyar."

Fura kuwa, mai karatu, kyanwa ce, fara fat, shi ya sa Ummi ta raɗa mata wannan suna. Ba zan ɓoye ba, dariya na yi. Na ce a garinmu ai kyanwa ita ke zaɓen gida, in ta ga dama ta dawo, in ba ta ga dama ba ɓerayen wani gidan sun shiga uku. Ba wanda ya taya ni dariyar.

Da dare ƙanena ya ɗauko wata takarda mai lambobi 15, ya ce lambar Fura ke nan. Tun tana 'yar ƙarama likitan dabbobi ya sa allura ya cusa mata wata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Na ce to madalla, a duba waya mana a ga inda take. Ya ce ba haka abin yake ba. Ƙwayar ba ta da batir, ba ta nuna inda dabba take, lambar kaɗai ke cikinta. Sai wani ya tsinci dabbar ya kai wurin likita ko gidan ajiyar dabbobi, a shafa mata wata na'ura a ƙeya, lambar ta fito, sannan a duba kundin rajista a ga suna da adireshi da lambar wayar mai kiwonta. Ya ce tun watan Afrilun 2016 doka ta wajabta wa kowane kare wannan shaida kafin ya wuce mako 8 da haihuwa, kyanwa kuma dokarta ta fara aiki a Ingila ran 10 ga Yunin 2024, kafin ta cika mako 20. Wanda aka samu bai yi ba a ba shi kwana 21, in ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai fam 500. Na tuna wahalar da na sha a layi kafin in sami lambata ta ɗan ƙasa mai lambobi 11, ga kyanwa ta fi ni da huɗu, ba ta kuma tsaya a rana ba.

To in haka ne, me ya hana a kira shi? Nan ya sunkuyar da kai. Wata uku da suka wuce sun tashi daga tsohuwar unguwa, ya kuma sauya layin waya, amma bai sanar da masu kundin ba. Ya yi ta cewa gobe, gobe. Shaidar tana nan a jikin Fura, sai dai tana nuna gidan da ba kowa nasu da wayar da ba ta shiga.

A rana ta 11 uwar wata ƙawar Ummi ta ga hoton farar kyanwa a shafin Facebook na wani gidan ajiyar dabbobi, ana cigiyar mai ita. Ashe tsohuwar unguwa Fura ta koma, wani ya tsince ta a rame ya kai ta can. Muka ɗunguma har da ni.

Irin waɗannan gidaje ba sababbi ba ne a ƙasar. Wanda ya fi suna, wato na Battersea a Landan, wata mata Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860 don karnukan da ba su da kowa, ya soma karɓar kyanwoyi a 1883. Wanda muka je ƙarami ne, yana warin maganin wanke ƙasa, haushi na tashi ta bayan bango. Ni a zatona za a ce ga kyanwarku, a sauka lafiya. Ina! Matar da ke kan tebur ta nemi katin shaidar ƙanena, da takardar lambar, da katin riga-kafi, da hotunan Fura a cikin gidansu. Ta ce sun buga waya ba ta shiga, sun aika wasiƙa ba amsa, har sun soma shirin nema mata wani gidan. Ba ta yi faɗa ba, amma ba ta fito da kyanwar ba sai da ya zauna a gabanta ya gyara adireshinsa a kundin.

Muna jira ne wani dattijo ya shigo neman karensa, a nan na gane hukuncin kare ya fi na kyanwa tsanani. Kyanwa an yarda tana yawonta, ƙaramar hukuma ba ta kama ta. Kare kuwa da zarar an gan shi a titi ba mai shi, jami'in ƙaramar hukuma zai kama shi. Wata dokar 1990 ta ce a tsare shi kwana 7. Mai shi ba zai karɓe shi ba sai ya biya fam 25 da doka ta yanke, da kuɗin ci da kwanan da karen ya yi a tsare. In kwana 7 suka cika ba wanda ya zo, hukuma na da ikon ba da shi ga wani, ko sayar da shi, ko kuma a yi masa allurar mutuwa. Dattijon nan ya daɗe yana lissafi da katinsa a hannu, da gani kuɗin sun yi masa nauyi. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba. Mu da muka karanta a fiƙihu cewa tsintuwa shekara guda ake cigiyarta, kwana 7 sai muka ga kamar an yi gaggawa, ga shi kowace safiya kuɗin ƙaruwa suke, ta yadda talaka zai iya rasa karensa alhali ya san ɗakin da yake. Duk da haka dattijon ya biya, ya sa hannu a takarda cewa karen nan nasa ne, a gaban mutane.

Sa hannun nan ne ya tayar mini da abin da na binne shekara 30 da ɗoriya. Ina ɗan shekara 12 a ƙauyenmu na tsinci wani kwikwiyo a bayan gari. Gidanmu ba a kiwon kare, don haka a wani kango na ɓoye shi, ina sato masa ƙanzon tuwo. Na sa masa suna Ba-ruwanka, irin sunan habaicin da ake sa wa karnuka. Ya girma yana bin mu kiwo, kowa kuma ya san nawa ne, har mahaifina, wanda ya kau da kai. Wata damina ya kashe wa maƙwabcinmu zabi uku. Aka kama shi aka ɗaure a gindin durumin ƙofar gidan mai unguwa, sanƙira ya zaga gari yana cewa mai kare ya zo ya biya ɓarna ya kwance abinsa.

Kwana uku yana ɗaure. Hanyarmu ta makarantar allo ta nan ta bi, kullum in na zo wucewa sai ya miƙe yana kaɗa bindi har igiyar ta shaƙe shi. A rana ta biyu mai unguwa ya kira ni ya ce, "Kai yaro, karen wane ne wannan?" Na tuna kuɗin zabi uku, na tuna bulalar Baba, na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba." Ya dube ni, ya dubi karen da ke lasar ƙafata, ya ce in tafi. A rana ta huɗu wasu mafarauta suka biyo, aka ba su shi. Ba ya ɗauke da tambari ko tsagar kunne irin ta awaki, shaidarsa kaɗai bakina ne, ni kuwa na rufe shi.

Na sha karanta rubuce-rubucen ɗalibaina da na 'yan uwa marubuta, kyanwa ba ta fitowa sai in mayya ce ta rikiɗa, kare kuwa sai a bakin mai zagi. Ni ma da nake wannan ƙorafi, sau biyu ina fara rubuta labarin Ba-ruwanka ina yagewa, don duk yadda na juya shi ni ne mugun.

Aka fito da Fura a cikin wani ɗan akwati mai raga. Ummi ba ta yi ihu ba, ta dai zura yatsa ta ragar, kyanwar ta goga kumatu a jiki. A mota tana rungume da akwatin ta ce, "Baffa, kai ba ka taɓa kiwon komai ba?"

Na ce na taɓa kiwon kare.

"Yaya sunansa?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya, karo na farko tun zuwana, ta ce wannan ai ba suna ba ne. Ƙanena, wanda yana goye aka yi abin, ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Yaya, kare a gidanmu? Na wa?"

Na ce, "Nawa ne."