Kwali Biyu a Gidanmu

Ina bakin kogi muna ɗinkin koma da mahaifina, a ƙarshen daminar 1982, ƙanena ya rugo da takarda a hannu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ɗauke ni. Baba bai iya karatun boko ba, amma sai da ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓe ta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To, kai kam ka fita daga ruwa."

Iyakar fahimtarsa da nasara ke nan, kuma ba shi kaɗai ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana shiga ruwa da asuba cikin hunturu, ƙafafunsa duk faso, burinsa ɗansa ya zauna a inuwa. Lokacin garinmu, Haɗeja, yana cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Gwamnati na biya mana kuɗin tallafin karatu, kuma wanda ya gama hidimar ƙasa da wuya ya daɗe bai samu aiki ba. Idan ɗan jami'a ya dawo hutu, dattawa a majalisa sukan matsa masa a kan tabarma. Ranar tafiyata mata suka cika zaurenmu: mai ƙuli-ƙuli, mai garin ɗanwake, mai 'yan sulalla ɗaure a bakin zane. Inna ta cusa mini bandar tarwaɗa a akwatin ƙarfe, har littattafaina suka yi wata guda suna ƙamshin hayaƙi. Har yau idan na ji wannan ƙamshi sai idona ya ciko.

Yayana bai yi boko ba. Ya tsaya a kan banda, yana shirya kifi a kwalaye ana lodawa zuwa Kudu. A gidanmu sai aka samu kwali biyu, nasa na kifi, nawa na digiri, kuma a wancan zamani babu mai shakkar wanda ya fi daraja. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta fara zubewa, albashi ya koma ba ya kai wata. Yaya ya riga ni gina gida, ya riga ni sauke farali. Na yi murna da haka har zuciyata, domin da kuɗin kifinsa aka saya mini akwatin nan.

Yau jami'a ta zo har ƙofar gida. Akwai ta tarayya a Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga kwalejin Binyaminu Usman a cikin gari. Amma kwarjinin digiri ya ragu. Abin da kake ji a bakin samari shi ne, "Wane ya gama digiri, ga shi can yana jan Keke Napep," ko kuma, "In ba ka da hanya, kwali ado ne."

A 2022, da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, ɗan yayana ya dawo gida ya kama noman shinkafa wajen Auyo. Allah ya sa masa albarka. Da aka janye yajin aikin sai ya same ni ya durƙusa ya ce, "Baffa, me kwalin nan zai ƙara mini?"

Ban yi masa faɗa ba, don tambayarsa tana kan hanya. Na ɗauke shi muka je inda ni da Baba muke ɗinkin koma. Wurin ya zama dajin kacalla, ko kwalekwale ba ya ratsawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Kacalla ta toshe hanyoyinsa, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, kifi ya ragu, ambaliya kuma ta riƙa cin gonaki kamar yadda ta yi a 2020. Na ce masa, "Ɗana, wannan ciwon ƙarfin damtse kaɗai ba ya maganinsa. Yana son wanda ya san awon ruwa, da lafiyar ƙasa, da irin da zai jure."

A nan nake ganin laifinmu, mu 'yan bokon farko. Mun ɗauki karatu a matsayin ƙofar fita daga fadama, muka kai iliminmu ofisoshin Kano da Kaduna, muka bar kogin da ya ciyar da mu. Mu muka koya wa yara auna digiri da kujerar gwamnati, shi ya sa da kujerar ta yi wuya suka raina digirin.

Yaron ya koma makaranta, bai kuma saki gonarsa ba. Iyayen Haɗeja, Auyo, Guri da Kirikasamma, ku tura 'ya'yanku jami'a, maza da mata, amma ku gaya musu tun daga zaure cewa kogin nan yana jiran su dawo.