Daga Jeneba Zuwa Chamonix: Takalmi, Gatari da Bangon Ƙanƙara

Da ƙarfe biyu da rabi na rana motarmu ta bar filin jirgin saman Jeneba, a tsakiyar watan Janairu. Kuɗin kujera Yuro 25, tafiyar kuwa kimanin kilomita 90 ce zuwa Chamonix. Ba mu jima da tashi ba muka bar Suwizalan muka shiga Faransa, ba shinge, ba wanda ya ce a kawo fasfo. Da farko hanya shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da masana'antu dama da hagu. Da muka wuce garin Sallanches sai ta hau wata doguwar gada mai lanƙwasa, duwatsu suka yi ta matsowa har sai na sunkuya kafin in ga sama ta taga. Awa ɗaya da rabi muka yi. Muna isa, rana ta riga ta ɓuya bayan tsaunuka alhali ko ƙarfe huɗu da rabi ba ta yi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsayin garin bisa teku mita 1,035 ne kawai, wato bai kai Jos ba. Amma dutsen da ke kansa, Mont Blanc, ya haura mita 4,800. Da dutsen nan garin yake cin abinci. A watan Agustan 1786 wani likita, Michel-Gabriel Paccard, da wani ɗan garin, Jacques Balmat, suka fara kai wa ƙololuwarsa. A 1821 jagororin dutse na garin suka kafa ƙungiyarsu, tana nan har gobe. Ni abin da ya kawo ni shi ne in ga yadda mutum yake hawa ruwan da ya daskare a jikin dutse, da kuma kayan da yake dogara da su.

Da magariba na shiga wani shagon hayar kaya. Idona na kan gatura da ke rataye a bango, shi kuwa mai shagon ƙafata yake kallo. Ya ce, "Zauna tukuna, daga ƙasa ake farawa." Ya ba ni safar ulu mai kauri, ya kawo takalmi wanda ya ɗan ɗara nawa girma. Bayan na ɗaure igiyarsa, ya nuna mini wani kututturen katako ya ce in harbe shi da goshin takalmin da ƙarfi. Yatsuna suka taɓa gaba. Nan take ya karɓe ya kawo wani. Wannan kuma duddugena yana ɗagawa a ciki idan na tsaya kan yatsu, shi ma ya mayar. Mun fi rabin awa a kan takalmi kaɗai, ban ga alamar ƙosawa a fuskarsa ba. Ya ce takalmin da ya matse yana hana jini zagawa, kuma a irin sanyinsu yatsan da jini ya daina isa gare shi yana iya ƙarewa a hannun likita. Wanda ya yi yawa kuma, ƙafa za ta yi ta zamewa a ciki.

Na kama takalmin da hannu biyu na yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, ko gezau. Haka ake so, domin a jikin bango nauyin mutum duka yana kan tsinin gaba, idan tafin takalmi ya lanƙwashe sai ƙarfen da ake maƙala wa takalmin ya suɓuce. A ƙasansa akwai tambarin Vibram mai ruwan ɗorawa. Wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani ne ya fito da wannan tafin roba a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a kan dutse a 1935, kuma rashin takalmin kirki yana cikin abin da ya jawo asarar.

Sai faratan ƙarfe, waɗanda ake maƙala wa ƙasan takalmi. Kowanne na da tsini goma sha biyu, goma na kallon ƙasa, biyu na kallon gaba. Ya daidaita tsawonsu da takalmina, ya saƙala wata waya a goshi, ya danna maɗauri a dudduge har ya yi ƙas. Daga nan ya ɗaga takalmin ya girgiza ba tare da ya ɗaure bel ba, ƙarfen bai motsa ba. Ya ce wannan ne gwajin. A ƙarƙashi akwai faifan roba da ke hana dusar ƙanƙara taruwa ta cushe tsinayen. Tsini biyun nan na gaba su ne suka canza sana'ar baki ɗaya. Wani Ba'ingilishe, Oscar Eckenstein, ya zana mai tsini goma a 1908, maƙerin garin Courmayeur, Henry Grivel, ya ƙera masa. Courmayeur na bayan dutsen ne, ɓangaren Italiya, yau ta ramin mota mai tsawon kilomita 11.6 ake zuwa. A 1929 ɗan maƙerin, Laurent, ya ƙara biyun gaba. Kafin haka jagora sai ya yi ta saran matakala a ƙanƙara, taki bayan taki. A 1938, lokacin da aka fara hawa bangon arewa na dutsen Eiger, Jamusawa biyu masu tsini goma sha biyu sun cim ma 'yan Ostiriya biyu da suka riga su tashi da kwana guda. Na ji daɗin sanin cewa asalin duk wannan aikin maƙera ne, irin masu yi mana gatari da fartanya. Kamfanin Simond na wannan kwari ma daga maƙera ya faro a 1860.

Maganar tufafi ba ta ɗauki lokaci ba, amma ta juya mini tunani. Auduga, wadda ita ce rufin asirinmu a zafin gida, a nan abar gudu ce, domin tana shan gumi ta riƙe, idan mutum ya tsaya sai ta zama ruwan sanyi a jikinsa. Ulu ko zaren roba ake sa wa a jikin fata, sai mai ɗumi a tsakiya, sai mai tare iska da ruwa a waje. Hayar takalmi, farata, gatari biyu, hular kwano da ɗamarar kugu ta kama Yuro 45 a rana. Sabon takalmin kaɗai ya haura Yuro 500 a kanti.

Da ƙarfe takwas na safe na hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Argentière, kilomita 8, kamar minti 20. Ban biya ko sisi ba, katin da masaukina ya ba ni ya wadatar. Ma'aunin tashar ya nuna digiri 8 ƙasa da sifili. Na riƙe alwalata tun asuba, don na san cire wannan takalmi a cikin dusar ƙanƙara ba ƙaramin aiki ba ne. Jagoranmu dattijo ne mai ƙarancin magana, mu uku muka haɗa kuɗinsa, kowa Yuro 150. Kafin mu kama hanya ya sa muka tuɓe manyan rigunanmu muka cusa a jaka. Ya ce, "Ku tashi da ɗan sanyi a jika. Wanda ya yi gumi a hanya shi zai yi makyarkyata a gindin bango." Mun yi kusan minti 40 muna haki a cikin daji kafin mu isa wurin da suke kira La Crémerie, inda ruwan da ke tsiyaya daga dutse yake daskarewa, inda kuma ake kawo 'yan koyo.

Tun daga nesa ya sa muka ɗaura hular kwano. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan ɗamarar kowa, yana duba ƙulli. Sannan ya matsa jikin bangon ya ƙwanƙwasa da gatari yana saurare. Ƙanƙara mai launin shuɗi, in ji shi, ta yi ƙwari. Fara fat mai kumfa ruɓaɓɓiya ce. Wadda ta yi amon ganga kuwa akwai kogo a bayanta. Ya kankare saman, ya ciro ƙusar ƙanƙara daga kugunsa. Bututu ne na ƙarfe mai zare a jiki da haƙora a baki, tsawonsa bai kai taƙi ba. Ya danna, ya murɗa sau uku da tafin hannu har ta kama, sannan ya buɗe ɗan mariƙi ya yi ta juyawa. Ina tsaye ina kallon garin ƙanƙara yana fitowa ta cikin bututun ba yankewa. Ya ce muddin garin na fitowa haka, ƙusar na cin wuri mai kyau, idan ya yanke to ta faɗa iska, a sake wuri. A wannan ɗan bututu za a rataya ran mutum.

Gatarin iri biyu ne, kuma nan ne baƙi suka fi tafka asarar kuɗi. Na tafiya kan tsauni miƙaƙƙe ne mai ɗan tsawo, ana dogarawa da shi, idan an zame a kifa a kansa a tsayar da kai. Na hawa bango gajere ne, kusan santimita 50, ƙotarsa a lanƙwashe don kada yatsu su daki ƙanƙara, bakinsa a sunkuye don ya kama. A 1966 ne wani Ba'amurke maƙeri kuma mahayin dutse, Yvon Chouinard, ya shawo kan masana'antar Charlet ta nan kwarin ta ƙera masa mai lanƙwasasshen baki. Ɗaya ba ya yin aikin ɗaya yadda ya kamata. Shi ya sa kafin a sayar maka da komai sai an tambaye ka inda za ka.

Da layi ya zo kaina, na ɗaga gatari na kafta da iyakar ƙarfina. Ƙanƙarar ta fashe faffaɗa ta faɗo, jagoran ya yi ihun gargaɗi ga na ƙasa. Ya ce, "Abokina, ba itace kake faskare ba. Nemi ɗan gurbi, ka saki wuyan hannu." Da na yi haka sai bakin ya shige da wani sauti mai nauyi, na ji shi har kafaɗa. Ƙafa ce ta fi wuya. Zuciya na cewa ɗaga dudduge, shi kuwa yana ta cewa in sauke, domin da zarar dudduge ya ɗaga, tsinayen gaba za su fita. Haka kuma sai an ware ƙafafu, in ba haka ba faratan su kama wando. Bangon bai fi mita 20 ba, amma na fi kwatan awa ina fama, sha-raɓata na rawa. Da aka sauko da ni, jini ya fara komawa yatsun hannuna da wani irin zogi har da tashin zuciya. Jagoran ya miƙo mini busasshiyar safar hannu daga cikin rigarsa da shayi daga filas. Ya ce shi ba ya fita da ƙasa da safa biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ɗumi a ƙirji.

A kan igiya kaɗai na ga ransa ya ɓaci, lokacin da ɗayanmu ya kusa taka ta da farata. Tsini na iya yanka zaren ciki ba tare da an gani daga waje ba. Ya nuna mana tambarin UIAA a bakinta, ƙungiyar mahaya duwatsu ta duniya da aka kafa a Chamonix a 1932, mai gindaya ƙa'idojin gwada irin waɗannan kaya. Igiyar kuma an yi mata maganin hana shan ruwa, don wadda ta jiƙe daskarewa take yi ta sandare. A ganina, gwanjo na da wurinsa a riga da wando, amma ban da igiya da ɗamara, tunda ba ka san abin da suka sha a hannun mai su na farko ba.

Washegari na biya kusan Yuro 80 na shiga motar kebul zuwa Aiguille du Midi. An buɗe ta a 1955, kuma cikin kamar minti 20 take ɗauke mutum daga gari zuwa kusa da ƙololuwa mai mita 3,842. Matakala kaɗan na hau na ji numfashi ya gagara, kaina ya yi nauyi. A ƙarshen wani rami da aka fafe cikin ƙanƙara akwai 'yar ƙofa, bayanta siririn doron tsauni, hagu da dama rami. Na tsaya ina kallon masu fita. Kowannensu da ɗamara a kugu ko da ba bango zai hau ba, saboda tsagogin da dusar ƙanƙara ke rufewa a ƙasa. Kowa da shebur da sandar bincike a jaka, da 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina idan zaftarewa ta binne mutum. Sai da suka gwada na'urorin juna kafin su wuce, domin yawancin waɗanda ake tonowa da rai cikin minti 15 na farko ake samunsu. Baƙin tabarau mai rufe gefe kuma dole ne. Dusar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, kuma duhun fatarmu ba ya kare ido daga ƙuna. Ban ƙetare ƙofar ba, koyon da na yi bai kai nan ba.

Da la'asar na mayar da kayan haya. Mai shagon ya bi tsinayen da yatsa, ya ɗauko magagari ya gyara biyun gaba da hannu. Ya ce injin wasa wuƙa yana zafafa ƙarfen ya kashe ƙwarinsa. Na sayi safar ulu da tabarau, Yuro 70, takalmi da gatari na bar masa kayansa. Motar Jeneba ta tashi ƙarfe shida.