Sumar Jarumi da Askin Sallah

Saura kwana uku Babbar Sallah rigima ta tashi a layinmu na Yindiski, a kan aski. Yaron maƙwabcinmu, ɗan shekara 15, ya ce shi bana ba mai taɓa masa kai. Suma yake tarawa, wai sai ta sauko masa kafaɗa kamar ta Bahubali. Uban ya zo majalisa bayan la'asar yana huci, ya ce, "Ku ji mini yaron nan, ɗan Musulmi da gizo kamar mahaukacin kasuwa!"

Muka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba, don kusan kowannenmu yana da irinsa a gida. Tun da fim ɗin nan na Indiya ya fito a 2015, aka fassara shi da Hausa, yaranmu suka gama yanke hukunci cewa jarumta a gashi take. Kafin shi ma an yi zamanin Seeker, da boka mai farar suma. Kafin nan kuma The Lord of the Rings, wanda muka kalla a faifai a gidan kallo, mu da kanmu, ba yara ba. Duk wanda ya riƙe takobi ko baka a cikinsa, gashi har baya. Abin tausayin shi ne gashin namu ba ya kwanciya. Ka tara shi shekara guda, sama zai yi ta yi kamar sheƙar tsuntsu.

Malamin da ke ja mana salla shi ya fara ɓata wa uban lissafi. Ya ce a bar cewa tara suma kafirci ne, don ya zo a hadisi cewa gashin Manzon Allah (SAW) yakan kai kunne, wani lokaci har kafaɗa. Abin da aka hana shi ne a aske wani sashe na kai a bar wani. Wani dattijo ya ƙara da cewa a je kasuwar shanu ranar Laraba a ga samarin Bororo da kitsonsu, waye ya taɓa ce musu ba maza ba? 'Yan damben da ma da tukku suke shiga fage. Uban ya ce shi duk ya ji, amma ɗansa ba sunna yake bi ba, ba kuma Bororo yake koyi da su ba, Ba'indiye yake kwaikwayo. Nan kam ya yi gaskiya.

Daga nan hira ta koma kan littattafai, inda mu 'yan firamaren da muke ganin mun fi yaran yanzu. Mu a takarda muka san jarumai: Ganɗoki, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kowa shi ke zana wa jaruminsa fuska a ransa. Shi ya sa da gidan talabijin na Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980, mun yi cincirindo a gaban akwatin, sannan muka tashi muna ƙorafi. Wannan ya ce Waziri bai yi kama da mugu ba, wancan ya ce fadar Sarki Abdurrahman ta yi ƙanƙanta. Ba laifin 'yan wasan ba ne. Fadar da Abubakar Imam ya gina mana a ka babu kafintan da zai iya haɗa ta. Ashe ba mu kaɗai ba ne masu wannan hali. Masu karatun Tolkien ma sun yi ta mita da fim ɗin 2001 ya tsallake wani mutum mai suna Tom Bombadil gaba ɗaya. Kuma farar sumar nan ta Legolas da kowa ya haddace, littafin bai fito fili ya faɗi launinta ba, masu fim ne suka zaɓa masa.

Muna cikin bugun ƙirji da Iliya, muna cewa ga jarumi na gida, mai aski ƙwal da rawani, sai malamin makarantar da ke cikinmu ya yi murmushi. Ya ce to ai Iliyan naku mutumin Rasha ne. Ahmadu Ingawa daga labaran wani gwarzon ƙasar, Iliya Muromets, ya ɗauko shi. Birnin Kib shi ne Kiev, Sarki Waldima kuwa Vladimir ne. Har fim aka yi masa a can a 1956, ƙato mai gemu da hular ƙarfe. Majalisa ta yi tsit. Shekara arba'in muna ɗauke da Bature a kai, mun naɗa masa rawani, mun ɗora shi kan Ƙwalele, ba mu sani ba. Imam ma da yawa daga labaransa daga littattafan Larabawa da na Turawa ya kwaso su, ya sa musu riga da wando na Hausa.

Abin da ya tsaya mana a rai ke nan. Mu ma baƙi muka so, sai dai namu sun iso ta hannun marubucin da ya aske su kafin ya miƙo mana. Na yaranmu ta waya suke shigowa da sumarsu, murya kawai aka canja musu. Kuma gaskiya ba mu ba su wani abu a madadi ba. A majalisar nan mu tara, mutum ɗaya ne kaɗai ya ce yana da littafin Iliya a gida, shi ma bango ya cire.

Shi aka ɗauko aka ba yaron. Uban ya sassauta, aka shirya a kan a rage sumar a daidaita ta, ya je Idi da hula. Bayan Sallah muka tare shi a bakin masallaci, muka ce yaya Iliya? Ya ce, "Baba, wallahi ya yi. Amma ni dai da suma nake ganinsa." Har yau bai dawo da littafin ba, an ce yana hannun abokinsa na uku.