Kafin a Saki Hannu: Abubuwan da Ɗan Dambe Yake Yi Gab da Shiga Turmi

Idan kaka ta yi a ƙasar Bici, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, fagen dambe yakan buɗe a ƙauyuka. Mai lura zai ga cewa turmin kansa gajere ne, amma shirin da ke gabatarsa yakan ninka shi tsawo sau da yawa.

Ɗan dambe yakan zauna gefe, wani ɗan ɓangarensa ya naɗe masa hannu da ƙyalle, ya bi da zare har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Wani yakan ɗaura kambu a dantse ko guru a ƙugu, wani kuwa tuni an yi masa tsaga a hannu an shafa magani. Sai mai kalangu ya saki takensa. Da jin haka sai ya miƙe yana tsuma, ya yi kirari, ya ambaci ubangidansa da mazajen da ya kashe, wato waɗanda ya kai ƙasa, sannan ya nufi abokin karawarsa.

Irin wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga Bahaushe ba. A Amurka akwai wasan besbol, inda ɗan wasa ke riƙe kulki ya bugi ƙwallon da aka jefo masa. An san Wade Boggs da cin naman kaza kafin kowane wasa, da kuma zana wata kalmar Ibrananci a ƙasa kafin ya tsaya bugu. Nomar Garciaparra kuwa sai ya yi ta gyara safar hannunsa yana dungura ƙafa. A 1971 George Gmelch, masanin al'adu wanda ya taɓa buga wasan, ya nuna cewa camfi ya fi yawa wajen bugu da jifa, inda sa'a ke da babban rabo, domin gwani ma bai cika wuce nasara uku cikin goma ba. Ya ɗora hujjarsa a kan abin da Malinowski ya gani a tsibiran Trobriand: masunta ba sa neman asiri a ruwa mai kwanciya, sai za su shiga teku. Dambe teku ne, domin naushi ɗaya ya isa ya rusa sunan da aka shekara goma ana ginawa.

Sai dai akwai bambanci. Al'adar ɗan besbol tasa ce shi kaɗai. Ta ɗan dambe kuwa aikin gayya ce: da mai naɗi, da makaɗi, da 'yan amshi, da taron da ke zuga shi. A wannan ɗan tsakani ne adabi ke haihuwa. Da babu shi, da ba a sami waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba, waɗanda har yau ake nazarinsu a sassan Hausa na jami'o'i.

A 2023 babbar gasar besbol ta Amurka ta kafa agogon da ke ƙayyade daƙiƙoƙin shirin mai bugu, wasa ya ƙara sauri, tsarabe-tsaraben suka ragu. Dambe ma ya sami nasa agogon, wato wayar hannu. Gajerun hotunan bidiyo da ake yaɗawa daga gidajen dambe irin na dandalin Ado Bayero a Kano galibi sukan fara daga naushi su ƙare a faɗuwa. Take da kirari su ne farkon abin da ake yankewa.

Saboda haka ɗalibin da zai je Bici ko wata karkara neman bayanai ya kamata ya kunna na'urarsa tun ana warware zare, ya tambayi makaɗi ma'anar kowane take da sunan mai shi. Idan tsohon makaɗi ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, taken zai koma amon kalangu kawai, babu mai iya fassara shi.