Wa Zai Biya Kuɗin Kulle?

Duk lokacin da aka tada zancen kullen korona, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce rai ya fi dukiya, da an bar ƙofofi a rufe har cutar ta wuce. Wasu su ce yunwa ma kisa take yi, tun farko bai kamata a rufe ba. Ni dai na kasa shiga ɓangare guda, domin ɓangarorin biyu a gidanmu suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yana fama da ciwon suga da hawan jini, irin mutanen da likitoci suka ce cutar ta fi kayarwa. Ƙanena kuma mai shayi ne a bakin titi a nan Yamai, cinikinsa ne ke sayen maganin Baba. Ni malamin makaranta ne, albashina a kan haya da buhun shinkafa yake ƙarewa.

Bari in tuna wa mai karatu yadda abin ya zo mana. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Nijar. A kwanakin nan aka rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama da makarantu, aka hana taro, aka rufe masallatai da coci-coci. Ranar 27 ga wata shugaba Mahamadu Isufu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, sannan aka killace birnin, ba shiga ba fita. An yi ƙoƙarin sassauta wa talaka: gwamnati ta ɗauki kuɗin wuta da ruwa na ƙananan gidaje na watannin Afrilu da Mayu, aka kuma saki fursunoni 1,540 don a rage cunkoso a gidajen kaso.

Wanda bai san Yamai a watan Afrilu ba ba zai gane nauyin "ƙarfe 7" ba. Da rana zafi yakan wuce digiri 40, kowa na neman inuwa. Sai rana ta faɗi gari yake farfaɗowa. A lokacin mai tsire ke hura wuta, mai tuwo ta fito da tukunya, mai shayi ya jera kofuna, ɗan kabo-kabo ya sami fasinja. Dokar ta faɗa daidai kan awannin da waɗannan mutane ke samun na cefanen gobe. Ƙanena ya gwada komawa cinikin safe kaɗai, amma abin da ya kawo gida bai kai rabin na da ba, ga bashin madara da suga yana jiransa wurin mai kanti. Ni kuwa an rufe makaranta amma albashi bai tsaya ba. Dokar ɗaya ce a kanmu, ni ta ba ni hutu, shi ta kwashe masa jari.

Cikin mako na uku maganin Baba ya kusa ƙarewa. Na ji ƙanena yana ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan karon na kwana goma kawai na iya sayowa." Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ai ba kai ka rufe gari ba." Na ci bashi a wurin wani abokin aiki na cike sauran. Tun daga ranar na daina jin daɗin yadda ake ɗora lafiya a gefe ɗaya na sikeli, tattalin arziki a ɗaya gefen, kamar baƙi ne da ba su san juna ba. Kullen da aka yi don a kare Baba daga korona shi ne ya kusa raba shi da ƙwayar da ke riƙe masa jini. A gidan mai neman na yau da gobe, ciniki shi ne magani, shi ne kokon yara, shi ne kuɗin zuwa asibiti in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare.

Amma kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa cutar ƙarya ce, ko ta Turawa ce kawai. Ranar 3 ga Mayu ministan ƙwadago na ƙasarmu, Mohamed Ben Omar, ya rasu da ita. A Kano, inda yawancinmu muke da dangi ko abokan ciniki, an yi ta binne dattawa a watan Afrilu har masu haƙa kabari suka koka. Daga baya ministan lafiya na Nijeriya ya ce cikin mutum 979 da aka bincika rasuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Duk daren da Baba ya yi tari sai gabana ya faɗi. Wanda ya rufe gari a watan Maris bai san iyakar abin da ke tafe ba, kuma yana ganin yadda asibitocin Italiya suka cika suka batse. Ban ga laifinsa ba da ya fara da taka-tsantsan.

Abin da na fahimta shi ne, kulle ba ya kashe ƙwayar cuta, lokaci kawai yake saya. Yana rage gudun yaɗuwa don a samu a tanadi kayan gwaji, da gadaje, da iskar numfashi, a koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su kare kansu. Lokacin nan kuwa da tsada ake sayensa, kuma a ƙasa irin tamu daga aljihun wanda bai da ajiya ake cire kuɗin. Ƙasashen Turai sun biya ma'aikata wani kaso na albashinsu suna zaune a gida. Mu mafi yawan mutanenmu ba su cikin rajistar kowa, babu hanyar da za a bi a kai musu. Ɗauke kuɗin wuta alheri ne, sai dai bai isa ga mai kwana a rumfa wanda bai da mita ba.

Maƙwabtanmu ma sun yi wannan lissafi. Shugaban Benin, Patrice Talon, ya faɗa ƙarara cewa ƙasarsa ba ta da ƙarfin da za ta tsare kowa a gida, sai ya killace garuruwan kudu da cutar ta fi kama ya bar mutane suna nema a cikinsu. A Gana, shugaba Nana Akufo-Addo ya rufe Akara da Kumasi a ƙarshen Maris, yana cewa an san yadda ake farfaɗo da tattalin arziki amma ba a san yadda ake tada matacce ba. Bayan mako 3 shi da kansa ya buɗe, kuma cikin dalilansa har da wahalar da talakawa suka shiga. Ban ɗauki wannan a matsayin saɓa magana ba. Ya sayi lokaci, ya faɗaɗa gwaji, da ya ga tsadar ta fara fin amfanin sai ya dakata.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da waɗanda muka kwaikwaya. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. A Italiya sun fi kashi 20. Korona tsofaffi ta fi kashewa. Yaranmu kuwa zazzaɓin sauro da ƙyanda da tamowa ne ke ɗauke su, kuma waɗannan ba su tafi hutu ba don an rufe gari. A lokacin an dakatar da rigakafin shan-inna na gida-gida, iyaye mata da dama kuma sun ƙi kai yara asibiti don tsoron a ce korona ce. Duk wannan asarar lafiya ce, ko da ba ta shiga alƙaluman da ake karantawa a rediyo kowane dare ba.

Haƙurin jama'a ma yana da iyaka. An yi tarzoma a Mirriya tun a ƙarshen Maris kan rufe masallatai, sannan a tsakiyar Afrilu matasa suka ƙona tayoyi a unguwannin Yamai, aka kama da yawa. Gab da azumi aka mayar da dokar daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada aka ɗage hana fita, bayan kwana biyu aka buɗe hanyoyin birnin, ranar 1 ga Yuni muka koma aji. Dokar da mutane suka fara bi ta bayan gida ta riga ta daina kare kowa, sai dai ta koya musu raina duk wata shawarar likita da za ta biyo baya.

Don haka ina ganin buɗewar ta yi daidai, da sharaɗin kada a ɗauke ta a matsayin shelar cewa cuta ta ƙare. Mu a gida da aka buɗe gari sai muka ƙara tsare Baba. Muka ware masa ɗaki da buta da kwano. Ƙanena in ya dawo daga ciniki sai ya wanke hannu da sabulu, ya canza riga, ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Masu zuwa gaisuwa muka ajiye musu tabarma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Baba ya yi ta mita, yana cewa mun mai da shi amarya, amma ya bi. Wannan kullen mutum ɗaya ne, kuma mun iya ɗaukar nauyinsa wata da watanni domin sauran gida suna fita nema.

Annoba za ta sake zuwa, ko wannan ko wata. Ranar da masu iko za su zauna yanke shawarar rufewa ko buɗewa, ina roƙon su faɗa mana kwana nawa suke so, da abin da za su tanada a cikin kwanakin, da kuma wanda zai kai tiyar hatsi gidan mai shayi kafin wa'adin ya cika. In suna da amsa, mu rufe ƙofa da hannunmu. In babu, a bar mutane su fita nema da ƙyalle a hanci, a juya ƙarfin da ake da shi wajen kare tsofaffi da marasa lafiya. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin waɗannan kwanaki.